Saƙon Godiya Bayan Tabbatar da Ni a Ɗakin Sadarwa na 'Yan Sanda

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda da ikonSa aka tabbatar da ni cikakken ma'aikaci a ɗakin sadarwa da karɓar kiran gaggawa na 'yan sanda, bayan na tsallake jarrabawa da tantancewa da horo da kuma lokacin gwaji. Tun da labarin ya fita saƙonnin taya murna suke ta shigowa, har na ga ba zan iya bin kowa ɗaya bayan ɗaya ba, shi ya sa na zaɓi in yi godiyar a bainar jama'a. Da yawa daga cikin masu taya ni murna sun ɗauka kaki zan sa in hau motar sintiri, alhali aikin nan a zaune ake yin sa, gaban kwamfuta da taswira, da abin sauraro a kunne. Wanda ya buga lambar gaggawa hankalinsa a tashe muryata zai ji, jami'in da ke bakin titi da tsakar dare kuma ni zan gaya masa inda zai nufa da abin da zai tarar. Wanda bai san hanyar da ake bi kafin a hau wannan kujera ba, ba zai gane girman alherin da mutanen da zan ambata suka yi mini ba.

Zan fara da Yayana, domin shi ya ɗauki wahalar matakin farko tare da ni. Jarrabawar wannan aiki ba ta haddar littafi ba ce. Ana gwada saurin mutum wajen buga rubutu a kwamfuta ba tare da kuskure ba, a sa masa murya a kunne tana faɗin suna da adireshi da lambar mota yana rubutawa a lokaci guda, sannan a katse shi da wani saƙo a ce ya zaɓi wanda ya fi gaggawa tsakanin sata da ta riga ta wuce da faɗan da ake tsaka da yi. Ana duba ko ya iya karanta taswira, ya san gabas da yamma ba tare da dogon tunani ba, ana kuma duba ko zai tuna launin riga da tsayin mutumin da aka siffanta masa bayan an ɗauke masa hankali da wani abu. Yaya, kai ne kake kirana a waya bayan ka dawo daga aiki a gajiye, ka ƙure muryar rediyo kusa da bakinka don ka dame ni, kana jero mini lambobin mota da sauri ina bugawa, in na gama ka ce in karanto maka su daga ƙarshe zuwa farko. Ranar jarrabawa, da aka sa mini abin sauraro, babu abin da na ji wanda ya fi naka wuya. Allah Ya saka maka da alheri, Ya ba ka masu yi maka fiye da haka.

Mataki na biyu shi ne binciken hali, kuma shi ya fi kowanne tsawo da cin rai, domin babu abin da mutum zai yi sai jira. An ɗauki hoton yatsuna, an nemi jerin duk gidajen da na taɓa zama da wuraren da na taɓa yi wa aiki, an tuntuɓi waɗanda suka tsaya mini shaida, an yi mini gwajin ji da na gani da na miyagun ƙwayoyi, na kuma zauna da masanin halayyar ɗan Adam wanda ya yi mini tambayoyi kan yadda nake ɗaukar fushi da firgici da rashin barci. Wasu sukan ga wannan ya yi yawa ga aikin da ba a riƙe bindiga a cikinsa. Ni kuwa ina ganin daidai ne, ko da an ƙara ba a yi laifi ba. Mai zama a wannan ɗaki yana iya buɗe bayanan motoci da na mutanen da ake nema, yana jin sirrin gidajen jama'a a ranar da ta fi kowacce muni a rayuwarsu, ya kuma san inda kowace motar sintiri take a kowane lokaci. Idan aka damƙa wannan a hannun marar amana, ɓarnar da zai yi ta wuce ta harsashi.

A nan ne na ga amfanin tarbiyya da idona. Inna da Baba, duk ƙofar da masu bincike suka ƙwanƙwasa alheri suka ji, kuma na san ba wayona ba ne, renonku ne da addu'arku. Allah Ya ƙara muku lafiya da nisan kwana, Ya ba ni ikon kyautata muku. Ina godiya ga tsohon maigidana na wurin aiki, wanda ya rubuta shaida a kaina duk da ya san samun wannan aiki na nufin zan bar shi, da Malamina na makarantar sakandare da ya amsa kiran masu bincike yana fama da jinya, da maƙwabtan da aka tsayar aka yi wa tambayoyi ba su ƙosa ba.

Malaman da suka horar da mu a aji sun fara ne da ba mu tarihin aikin, don mu san dalilin kowace ƙa'ida. A shekarar 1935 gobara ta tashi a wani gida a birnin Landan, mata 5 suka rasu, maƙwabcin da ya nemi kiran 'yan kwana-kwana kuwa aka bar shi yana jiran layi a ofishin haɗa waya. Wannan ya kai ga ƙirƙiro lambar 999 a 1937, wadda ita ce lambar gaggawa ta farko irinta a duniya. Amurka ta fara amfani da 911 a 1968, ƙasashen Turai kuma suka amince da 112 a 1991. Suka ce mana aikin gaba ɗaya an kafa shi ne don kada a sake barin mai neman ɗauki yana jira, har suka kawo mana ma'aunin da ake bi a Amurka, cewa kashi 90 cikin 100 na kira a amsa su cikin daƙiƙa 15. Su suka koya mana ƙirga lokaci da awa 24 don kada a rikita safe da dare a rajista, da haruffan rediyo, wato kalmomin da ake faɗa a madadin haruffa, irin su Alfa da Bravo da Delta waɗanda aka daidaita tun 1956, domin B da D da P kusan ɗaya suke a kunne idan layi yana shashshaka. Suka koya mana cewa a oba-oba mutum ɗaya ne ke magana a lokaci guda, don haka sai ka shirya abin da za ka faɗa kafin ka danna, ka ɗan dakata kada farkon maganarka ya yanke, ka faɗa a taƙaice ka saki, saboda wataƙila wani jami'in yana can yana jiran layi ransa na cikin haɗari. Allah Ya ƙara musu sani.

Godiya ta musamman ga shugabar da na zauna ƙarƙashinta a lokacin gwaji. Hajiya, ranki ya daɗe, abin da na koya a gefenki babu shi a takarda. Tsarin shi ne sabon ma'aikaci ya haɗa abin sauraronsa da na mai horar da shi, ya fara da saurare kawai, daga baya ya riƙa rubutawa ita tana magana, a ƙarshe ya karɓi kira ita tana ji. A ɗaya daga cikin dararena na farko a wurin aiki wata baiwar Allah ta kira tana kururuwa, ba a gane ko kalma ɗaya. Na ga Hajiya ba ta ɗaga murya ba, sai ma ta sassauta ta, tana maimaita jimla guda ba tare da canza ko harafi ba: "Gaya mini inda kike, don in turo miki taimako." Ta faɗa, ta sake faɗa, yatsunta suna kan madannai suna jira, har kukan ya lafa matar ta ambaci sunan layinsu da wani gini da ke kusa. Kafin ta gama ba da labarin abin da ya faru, an riga an sanar da motar da ta fi kusa. Bayan an ajiye wayar Hajiya ta juyo ta ce mini, kullum wuri ake fara tambaya, domin idan layi ya yanke ka san wuri za ka iya aika mutane, idan kuwa labari kawai ka ji ba ka da inda za ka tura kowa. Ita ce kuma ta hore ni da maimaita wa mai kira adireshin da ya faɗa, da rubuta abin da aka ce ba abin da nake zato ba, da tashi in sha iska bayan kira mai nauyi maimakon in haɗiye shi in yi shiru. Sa hannunta ne ya tabbatar da ni, kuma na san ba ta sa hannu don kunya.

Jami'an da ke bakin aiki a waje su ma sun cancanci godiya, domin sun yi haƙuri da sabuwar murya a rediyo. Babu abin da ya fi nauyi a ɗakin nan kamar jami'i ya sanar da cewa ya tsayar da mota, ka rubuta wuri da lamba, sannan ya yi shiru fiye da yadda aka saba. Ka kira shi, ka sake kira, idonka a kan agogo, hannunka a shirye ya tura masa ɗauki. Duk lokacin da muryarsa ta dawo ya ce lafiya lau, sai ka ji ɗakin gaba ɗaya ya sauke numfashi. Sun amince mini da rayukansu alhali yawancinsu ba su taɓa ganin fuskata ba, ina roƙon Allah Ya ba ni ikon riƙe wannan amana.

Maiɗakina, ɗakin sadarwa ba ya rufewa dare da rana, ranar aiki da ranar hutu, kuma ke kika ɗauki nauyin wannan karɓa-karɓa fiye da kowa. Kin hana yara hayaniya da rana don in yi barci, kin kuma fahimci cewa akwai abin da zan ji a wurin aiki wanda doka da amana ba za su bar ni in ba ki labarinsa ba, ba ki taɓa matsa mini ba. Allah Ya bar mu tare, Ya yi wa zuri'armu albarka.

Ban manta da abokan da muka zauna jarrabawa tare ba a kira su ba. Na ga ƙwazonku, na kuma san akwai waɗanda suka fi ni saurin hannu a cikinku. Duk wanda zai sake nema, ƙofata a buɗe take mu yi atisayen da Yaya ya yi mini.

Ina da roƙo ga 'yan uwa da abokan arziki. Don Allah kada wani ya nemi in duba masa lambar mota ko bayanan wani mutum, ko in gaya masa abin da ya faru a gidan wane, domin kowane bincike da aka yi a kwamfutar yana barin sunan wanda ya yi shi, kuma ko da ba ya bari ba zan yi ba. A ja wa yara kunne kan buga lambar gaggawa don wasa, saboda layin da suka riƙe shi wani yake nema. Wanda larura ta sa ya kira, ya fara da faɗin inda yake, ya amsa tambayoyin da ake yi masa ko da yana ganin sun yi yawa, domin ana tura taimako ne yana kan magana, kuma kada ya kashe waya sai an ce masa ya kashe. Wanda ya neme ni a wayata bai same ni ba ya yi mini uzuri, ba na taɓa ta a bakin aiki, zan neme shi idan na tashi. Waɗanda ban ambata ba kuma su yafe mini, Allah Ya san su, Ya saka wa kowa da mafificin alheri.

Wassalamu alaikum.