Tsawon lambatu muka yi wa ciniki, muka manta da zurfinsa

A farkon 2021 na fara riƙe shebur da sunan aikin gwamnati. Lokacin ne gwamnatin tarayya ta fito da shirin nan na ɗaukar mutum 774,000, dubu ɗaya daga kowace ƙaramar hukuma, Kano mai ƙananan hukumomi 44 ta tashi da dubu 44. Ni a Gwale sunana ya fito. Wata uku ne, naira 20,000 kowane wata, ta banki, kuma sai mai BVN. Mu yi shara, mu yashe kwata, mu cike ramukan hanya. Mafi ƙarancin albashi a lokacin 30,000 ne, har wani daga cikinmu ya tambayi dalilin da namu bai kai ba. Wani dattijo da muke ce wa Baba, wanda ya tsufa a leburanci, ya ce masa, "Ɗana, alawus aka ce maka, ba albashi ba. Mai albashi yana da ofa da fayil da fansho. Kai wata uku gare ka, sai Allah ya kiyaye hanya."

Haka kuwa aka yi. Amma shebur ya riga ya zauna a hannuna, sai na bi Baba muka shiga jinga.

Ga wanda bai sani ba, lebura hanya uku ake biyansa. Akwai kuɗin yini, a tashi da yamma a sallame ka. Akwai alawus na wata. Sai jinga: a yi ciniki kan aikin gaba ɗaya, ku gama a kwana biyu ko a kwana ashirin, kuɗin ɗaya ne. Mai ƙarfi ya fi son jinga, don in ta yi kyau ta fi yini nesa ba kusa ba. In ta ɓaci kuwa, ba ka da wanda za ka riƙe sai bakinka da ya ce "na yarda".

Tawa ta ɓaci ne gab da daminar 2022. Wani ɗan kwangila ya samu aikin gwamnati na yashe magudanan ruwa a cikin birni. Shi ba mu taɓa ganinsa ba sai a bayan gilashin mota. Ya yanka wa wani ƙaramin ɗan kwangila wani sashe, shi kuma ya damƙa wa heluma, wato shugaban leburori, heluma ya nemo mu, mu takwas. Kafin kuɗi su iso hannun mai shebur sun ratsa hannu uku, kuma ba hannun da yake sakinsu a bushe. Ranar ciniki Baba ya tafi jana'iza, aka ce ni mai ɗan karatu in wakilci jama'a. Heluma ya ja tef, mita 300. Muka yi ta ja-in-ja kan kuɗin kowace mita har na samo ƙari, na dawo ina hura hanci. A lissafina kwana shida mun gama.

Washegari Baba ya zo. Bai ce uffan ba, ya ɗauki guntun rodi ya soka a cikin lambatun. Rodin ya yi ta nutsewa har hannunsa ya taɓa baƙin taɓon.

"Wa ya yi muku wannan cinikin?"

"Ni ne, Baba."

"To sannu. Ka sayar musu da tsawo, zurfin kuma ka ba su kyauta."

Daga sama lambatun kamar bai wuce gwiwa ba, ashe a wasu wuraren ya kai ƙugu. Ledar fiya wata ce fal, ta cakuɗe da yashi da tsumma ta zama kamar tabarma, shebur ba ya yankarta sai an fara sara da diga. Ƙarƙashinta fasassun kwalabe, robobin lemo, har matacciyar akuya mun fitar. Gaban shaguna kuma masu su sun zuba silab sun rufe, sai mutum ya shiga da rarrafe yana turo kwanon sarki, na waje yana karɓa. Warin da yake tasowa in ka buɗe wurin da ya shekara a toshe yana sa jiri. Ba mu fi minti goma a ciki muke canji. Rambut ƙafa biyu aka ba mu, mu takwas, safar hannu kuwa babu ko ɗaya. Ni da silifa na shiga rana ta huɗu, kwalba ta tsarge min tafin ƙafa. Wanki da ɗauri da allurar tetanus duk daga aljihuna, na kuma yi kwana uku a gida, a jinga kuwa wanda bai fito ba rabonsa raguwa yake.

Kwana goma sha biyar muka ci. Sannan ga abin da ban sa a ciniki ba: wa zai kwashe abin da muka tsamo? Mun jibge shi tsibi-tsibi a bakin titi muna jiran tifa. Tifa ba ta zo ba, ruwan sama ya riga ta, cikin dare ɗaya ya mayar da kusan rabi inda muka ɗebo shi. Injiniya ya zo dubawa ya ce aiki bai kammala ba, ba zai sa hannu ba. Ni dai ban ga laifinsa ba, abin da idonsa ya gani ya faɗa. Sai dai a kwangilar gwamnati sa hannun nan shi ne komai: sai an auna an tabbatar, takarda ta bi tebur-tebur, sannan a saki kuɗi. Heluma ya ce ƙaramin ɗan kwangila bai ba shi ba, shi kuma ya ce Alhaji, wato babban ɗan kwangilar, yana jiran sama. Mai garau-garau da muke ci bashi wurinta ba ta san wata sama ba, mu ta sani. Muka sake yashe wurin kyauta don kada na farkon ma ya bi ruwa. A Agustan shekarar ambaliya ta shiga Kantin Kwari ta ɓata atamfofi da yadi, gari ya ɗauki maganar toshewar magudanai. Ina jin ana yi a rediyo, ƙafata tana naɗe.

Daga baya wani maƙwabcina da ya yi aiki da ƙungiyar ƙwadago ya wayar min da kai. Ya ce dokar ƙwadago ta wajabta a ba ma'aikaci sharuɗɗan aikinsa a rubuce kafin ya wuce wata uku da farawa, kuma akwai dokar 2010 ta biyan diyya ga wanda ya ji rauni a bakin aiki, wadda ba ta ware na wucin gadi ba. Na ce, "Malam, to ni wa zan ce ya ɗauke ni? Ko sunana babu a takardar kowa." Ya yi shiru. Shi ne kuma ya faɗa min dokar mafi ƙarancin albashi ba ta hau kan ɗan jinga ba, haka wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba. Shi ya sa da aka mayar da shi 70,000 a 2024, Kano ta ce 71,000, na taya masu ofa murna kawai. Mu abin da ya same mu shi ne kuɗin A Daidaita Sahu da ya tashi tun da aka cire tallafin mai a 2023.

Yanzu ni nake jan yara shida. Ba na zuwa ciniki sai da rodi da littafi ɗan arba'in. Ina soka rodin kowane taku ashirin a gaban mai aikin, in rubuta, wurin da aka rufe da silab kuɗinsa daban. Tifa a wuyan wa take, sai an faɗa. Rambut da safar hannu kafin a fara, kashi ɗaya cikin uku na kuɗin a hannu, saura kuma in mun gama namu, ba in an biya Alhaji ba. Mu sa hannu gaban shaidu biyu, in ɗauki hoton shafin a waya. Wasu helumomin suna ganin littafin suke cewa na cika tsirfa, su nemi wasu, kuma ba sa rasawa, don masu jiran aiki a bakin titi da sassafe sun fi aikin yawa. Na rasa ayyuka da dama ta haka.

Shafin farko na littafin ragowar kuɗinmu na 2022 ne, sunan mutum takwas da abin da kowa yake bi. Baba ya rasu bara. Ban soke nasa ba, na dai rubuta sunan babban ɗansa a gefe.