Yadda aka gyara mini fitila a Damagaram

Mun bar Kano bayan sallar asuba da niyyar kwana a Tanut, muka bi ta Daura muka tsallaka iyaka a Kwangwalam, kuma babu wani abin faɗa har sai da muka wuce Matamaye. A wani shingen hanya, jami'in da ya karɓi takardunmu ya zagaya gaban Hilux ɗin ya ƙwanƙwasa fitilar hagu da yatsa, sai gilashin ya motsa kamar haƙorin da ya kusa fita. Ya faɗi wata magana da Faransanci, abokinsa ya yi dariya, sannan ya miƙo mini takardun ba tare da ya dube ni ba. Abin ya sosa mini rai, sai dai da gaskiyarsa, domin gam ɗin da wani yaro ya shafa mini a gida makonni biyu kafin tafiyar ya bushe ya tsattsage, ƙurar hunturu kuma ta shiga ta kwanta a gindin fitilar.

A Damagaram mun sauka a unguwar Zango wurin aminin mahaifina, wanda ya hana mu ci gaba, ya kai ni da kansa wurin wani dattijo mai gyaran fitilu kusa da Kasuwar Dole. Na zaci aikin minti goma ne kamar yadda muka saba, ashe yinin ne zai tafi. Dattijon ya kwance fitilar gaba ɗaya, ya gasa gefenta da na'urar busa iska mai zafi har tsohuwar robar ta yi laushi, sannan ya ɓamɓare gilashin a hankali da bakin sukudireba, ya kankare kwarmin da robar ke zama har bai bar ko ɓurɓushin gam ba. Da na ɗauko tsumma zan goge madubin ciki, ya riƙe hannuna ya ce, "Alhaji, hura shi ake yi, in ka goga shafen azurfar zai bi tsumman." Ya kawo baƙar roba mai danƙo, doguwa kamar igiya, ya cusa ta a kwarmin zagaye guda, ya sake gasawa, ya mayar da gilashin ya matse da maƙalai. Ƙwan fitilar ma da hankici ya kama shi, saboda maiƙon yatsa yana sa shi ƙonewa da wuri.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne wata ƴar kafa a bayan fitilar da na roƙe shi ya toshe, ya ƙi. A cewarsa ta nan zafin ciki yake fita, kuma wanda ya toshe ta zai wayi gari gumi ya rufe masa gilashi. Hanyar ƙurar ta biyu ita ce murfin robar baya, wanda ban ma san ya faɗi ba, ya laluba cikin kwalinsa ya samo mini wani.

Kan kariya muka yi ciniki mai tsawo. Ya liƙa wa fitilun biyu farar leda mai kauri saboda yashin da iska ke kwasowa yana dusashe su, ya kuma ɗaure ragar ƙarfe a kansu saboda tsakuwar da manyan motoci ke harbowa, ko da yake ya gargaɗe ni cewa raga tana ɗan rage haske. Ya yi mini kuɗi jika goma sha biyar, wato sefa dubu goma sha biyar, na taya tara, muka sallama a sha ɗaya bayan shayi zagaye na biyu. Da na juya kuɗin zuwa naira sai da gabana ya faɗi, amma a ganina da sauƙi idan aka kwatanta da sayen fitila ƴar Kwatano a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, kuma bai taɓa nuna mini cewa ina ɓata masa lokaci ba, abin da ya yi ƙaranci a garejinmu.

Washegari muka kama hanyar Tanut. Wata tirela ta harbo dutse ya lotsa ragar dama, gilashin bai ko tsage ba. Kwana biyu muka yi muka juyo, kuma da na haska cikin fitilar hagu da tocila a Kano ban ga ƙura ba.