Darussan da na koya a aikin tantance katunan 'yan wasan ƙwallon kwando

Aikin da na yi a wani kanti a Amurka, inda ake saye da sayar da katunan 'yan wasa, ya koya mini cewa sunan ɗan wasa shi ne abu na ƙarshe da mai tantancewa zai duba. Katin da aka fi nema shi ne na farko da wani babban kamfani ya buga wa ɗan wasa bayan shigarsa NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, kuma masu irinsa kan shigo da murna tun daga ƙofa, alhali mu sai mun wanke hannu, mun kunna fitila, mun kwantar da katin a kan ƙyalle mai laushi kafin mu ce uffan.

Abu huɗu ake dubawa: zaman hoton a tsakiya, kusurwoyi, bakin katin, da fuskarsa. Kamfanin tantance katuna na PSA, wanda aka kafa a 1991, yana ba da maki ɗaya tak daga 1 zuwa 10, shi kuwa takwaransa Beckett yakan ware wa kowanne daga cikin huɗun makinsa. A kan katin Michael Jordan na kamfanin Fleer na 1986, mai lamba 57, na fi koyon wannan aiki, domin gefensa rine yake da ja da shuɗi, kuma da zarar ya ɗan gogu sai farin takardar ya leƙo kamar ƙwayar gishiri. Ido kawai ba ya ganin haka sai an sa gilashi mai ƙara girma, sa'an nan a karkata katin a hankali ƙarƙashin fitila har ƙarce ko lotsawa ta bayyana. Faɗin gefen hagu da na dama kuma aunawa ake yi, ba kintace ba, tun da maki 10 yana bukatar kada rabon gefunan biyu ya wuce kusan kashi 55 da 45 cikin ɗari a gaban katin. A cikin jerin katunan Fleer na 1986 ɗin ne ma katin farko na Hakeem Olajuwon, haifaffen Legas, yake, an rubuta sunansa Akeem kamar yadda aka san shi a lokacin.

Darasin da ya fi ɗaukar mini lokaci shi ne cewa maki daban, farashi daban. Maki yana faɗin halin da takardar take ciki ne kawai, farashi kuwa yana bin ƙarancin katin a wannan makin da yawan masu nemansa. Shi ya sa kafin mu yi wa kati kuɗi sai mun duba ƙididdigar da kamfanonin tantancewa ke wallafawa ta yawan kwafin da suka samu kowane maki. Katunan da aka buga a farkon shekarun 1990 sun yi yawa ƙwarai, har ta kai mai kyau a cikinsu sau da yawa ba ya mayar da kuɗin tantance shi. Katin Jordan mai maki 10 kuwa an sayar da shi dala 738,000 a gwanjo a farkon 2021, alhali mai maki 9, wanda bambancinsu bai wuce ɗan fari a kusurwa ba, bai ko kusanci wannan kuɗi ba.

Ita ma kasuwar ba ta da tabbas. Katin Luka Doncic wanda kwafi ɗaya ne tak a duniya an saye shi dala miliyan 4.6 a 2021, aka sake sayar da shi dala miliyan 3.12 a 2022, ba tare da wani abu ya sami katin ba. A ganina duk mai yi wa kati kuɗi da farashin da masu talla suka sa yaudarar kansa yake yi, domin abin dogaro shi ne kuɗin da aka biya a cinikin baya-bayan nan na kati iri ɗaya mai maki ɗaya.

Sai batun algus, wanda ya fi ɓata mini rai. Akwai jabun katin Jordan da yawa, kuma a ƙarƙashin gilashi rubutunsu yakan yi dishi-dishi inda na ainihi ya fito tsaf. Akwai kuma masu aske bakin kati da reza don kusurwar ta yi tsini, ko su shafa tawada a inda fari ya fito, saboda haka muke auna kowane kati mai tsada mu ga ko ya cika inci 2.5 a faɗi da 3.5 a tsawo.

Mafi nauyin aikin shi ne gaya wa mutum gaskiya game da katin da ya adana tun yana yaro, ko wanda ya gada daga mahaifinsa. Nakan miƙa masa gilashin ya ga kusurwar da idonsa, in nuna masa cinikin baya-bayan nan, sa'an nan in faɗa masa ko aika katin tantancewa zai biya kuɗinsa ko ba zai biya ba.