Kujerar da ba a zama a kanta

Kwana biyar ke nan da dawowata daga Landan, har yanzu sanyin garin bai fita daga gwiwata ba. Ba zan ɓata lokaci kan jirgi da layin biza ba, sai dai in ce jami'in da ya duba fasfona ya tambaye ni ranar komawa har sau uku, kamar na zo cin gadon ubansa.

Ɗan yayata ne ya sauke ni. Ranar Asabar muka fito daga tashar Holborn, muka bi titin Great Queen, sai ga wani ƙaton farin gini mai hasumiya. Ya ce, "Kawu, wannan fa hedkwatar 'yan Firimason ce, mu leƙa?" Na ce a'uzubillahi, gidan 'yan ƙungiyar asiri za ka kai ni? Ya yi dariya, ya ce gidan tarihinsu kyauta ake shiga. A garin da na sayi shayi ɗan kofi fam uku da rabi, ko burodi babu, kalmar kyauta tana da nauyi. Na yi bismilla na bi shi.

Ashe ginin gaba ɗaya na tunawa da matattu ne. An fara shi a 1927, aka buɗe a 1933, saboda 'yan ƙungiyar sama da 3,000 da suka mutu a Yaƙin Duniya na Farko. Sunan zaman lafiya aka fara sa masa, da wani yaƙin ya ɓarke a 1939 sai aka canza. Kuɗin ma karo-karo suka yi, fiye da fam miliyan ɗaya. Reshen ƙungiyar da ya tara gini goma na tsohon kuɗin Ingila a kan kowane mutum, wato fam 10 da sule 10, an ba shi wata lamba da shugabansa ke ratayawa a wuya har yau.

A bene, ƙarƙashin wata taga mai gilashi kala-kala, akwai akwatin tagulla. Cikinsa doguwar takarda ce a naɗe, ana ganin sunayen mamatan ta bayan gilashi. Nan muka haɗu da wani dattijo mai jan fure na takarda a ƙirjin kwat, don watan Nuwamba ne, lokacin da suke sa shi don tunawa da sojojin da suka mutu a yaƙi. Ya ga na daɗe a tsaye, ya matso. Shi ya ba mu labarin yadda reshensu ke tuna mutum guda da suka rasa a Faransa. Duk shekara, in ji shi, sukan ajiye kujera a tsakiyar ɗakin taro, ba mai zama a kanta. A shimfiɗa farin warki na fatar ɗan rago, irin wanda suke ɗaurawa a ƙugu, a ɗora ganyen wata bishiya dangin bagaruwa. A kira sunan mamacin, a faɗi shekarunsa da rundunarsa da inda ya faɗi, kowa ya miƙe a yi shiru. Ba wanda ya san mutumin ido da ido a cikinsu, amma dattijon ya san har sana'arsa kafin yaƙi.

Raina bai kwanta da tsarin ba, gaskiya. Mu addu'a muke wa mamaci, mu yi sadaka, ita ce ke isa gare shi, kujera ba ta ƙara masa komai. Amma sai ƙanen kakana ya faɗo min a rai. A Yaƙin Duniya na Farkon nan aka ɗebi sojojin Najeriya zuwa Kamaru da Gabashin Afirka, Hausawa birjik a ciki. Ya tafi bai dawo ba. A gidanmu "Baba Soja" kawai ake cewa, na tambayi manya uku sunansa na yanka bayan na dawo, kowa da wanda ya faɗa.

Dattijon ya dage sai ya saya mana shayi, ya hana ɗan yayata ciro kati. A bakin ƙofa ya nuna mana duwatsun da aka kafa a 2017, masu sunayen mutum 64 na ƙungiyar da suka samu lambar jarumta ta Victoria Cross a Yaƙin Duniya na Farko.

Sauran kwanakin ba wani abu. Na je Birmingham na ci tuwo mai tsadar da ba zan faɗa ba, na yi Juma'a a masallacin Regent's Park, na sayo wa yara rigunan sanyi da sai Disamba za su yi amfani.