A bar dillali da mugun halinsa

Tunda zan bar ɗakin rubuta wasan barkwanci na talabijin, ga abin da masu shigowa ba za su tarar a takarda ba.

Abin da ya fi kashe wasan barkwanci na dillali mara amana shi ne gyaran da ke saukowa daga sama bayan an gama kashi na farko: "Masu kallo ba za su so shi ba, a sassauta." Mai wannan magana yawanci bai taɓa haɗa fitowa ko ɗaya ba, kuɗin ne dai a hannunsa. Sai a cusa wurin da dillalin ke jinyar mahaifiyarsa ko yake yi wa maraya kyauta. Minti biyu sun tafi ke nan, alhali shirin rabin awa a talabijin ɗin Amurka bai wuce minti 22 ba idan an cire talla. Ɓata lokacin ma da sauƙi. Da zarar an shaida wa mai kallo cewa mutumin kirki ne, ƙaryar da zai shara wa kwastoma a fitowa ta gaba ta daina ba da dariya, ta koma cin amana. Shiri ya faɗi, a ce marubuci ne bai iya ba, shi kuwa mai gyaran tuni ya yi gaba.

Hujjar masu gyaran kullum ita ce shirin barkwanci The Office na Amurka, wanda ya fara a 2005. Gaskiya ne an sassauta Michael Scott, manajan ofishin kamfanin sayar da takarda a shirin, a zango na biyu, bayan kashi shida na farko. Amma a duba me aka ƙara masa: an nuna ya iya sayar da takarda, kuma kaɗaici na cin sa. Rashin kan gadonsa yana nan daram.

Iyawar nan ita ake buƙata. Romon bakan dillali ya zama mai daɗin da mai kallo zai ji shi ma da ya saya. Sannan a ɗora masa matsi: kamasho, bashi, maigida mai barazanar kora. Del Boy, jarumin shirin barkwanci Only Fools and Horses, da BBC ta fara nunawa a 1981, kayan banza yake tallatawa a unguwar Peckham ta Landan, amma shi ma neman na tuwo yake, kuma yawanci a kansa cinikin ke fashewa.

A kula da wanda ake cuta. Mai haɗama ko mai girman kai, a yi dariya. Tsohuwa mai kuɗin fansho, ɗaki ya yi tsit.

Ƙaryar farko ta fito kafin minti na uku. A tsakiya ya yi ta biyu don rufe ta farko, ta fi ta tsada. A ƙarshe asiri ya tonu ta bakinsa. Idan ɗan sanda ne ya faɗo daga sama ya kama shi, an cuci mai kallo.

A ajiye mutum ɗaya a kusa da shi wanda ya san ƙarya yake, ko bai ce uffan ba, fuskarsa ta isa.

Kada ya tuba. Kashi na gaba da halin nan zai buɗe.

Duk gyaran da aka ba ku da baki, ku nemi a rubuto shi, da suna da kwanan wata.