Ginin da ya kammala lafiya alhali ya yi zaɓin da bai dace ba

Laburaren manhaja da nake kula da shi, wato tarin kod da wasu shirye-shirye ke kira, na lissafin kimiyya ne. Mafi yawansa C++ ne, da wani tsohon ɓangare na Fortran, kuma yana jingine da BLAS da LAPACK masu lissafin matiris, sannan da MPI mai raba aiki tsakanin kwamfutoci da HDF5 mai ajiye bayanai a fayil, ga mai bukatarsu. Kod ɗin da ke yin lissafin yana da gwaje-gwajensa. Fayilolin CMake kuwa (manhajar da ke tsara gini, wato mayar da kod ya zama shiri mai gudana), waɗanda su ke yanke hukuncin wace BLAS za a ɗauka, wane girman lamba za a yi aiki da shi, da waɗanne tutoci, wato zaɓuɓɓukan umarni, za a miƙa wa kwamfaila mai fassara kod zuwa harshen na'ura, gwaji ɗaya tak na tarar a kansu: in gini ya kai ƙarshe, an wuce wurin. Wannan bai isa ba. Ginin da ya tsaya da jan rubutu ba ya cutar da kowa, don mai shi zai gani ya gyara. Wanda nake tsoro shi ne wanda ya kammala sumul bayan ya zaɓi abin da bai kamata ba, mai bincike ya ɗauki amsoshinsa ya gina aiki a kai.

Daga nan na fara: yadda CMake ke tambayar na'ura ko tana da wani abu. Umarni irin check_c_source_compiles yana rubuta ɗan ƙaramin shiri ne ya ba kwamfaila. In ya haɗu, sai a ce abin yana nan. In bai haɗu ba, sai a ce babu. Matsalar ita ce ba ya bambance tsakanin "babu abin" da "ɗan shirin gwajin ne ya lalace". Clang 16 a 2023, sannan GCC 14 a 2024, sun mayar da kiran fankishin da ba a bayyana shi ba ya zama kuskure a harshen C, bayan shekaru yana matsayin gargaɗi kawai. Duk wani tsohon shirin gwaji da aka manta ba a sa masa fayil ɗin kai (header, inda ake bayyana fankishin) ba, daga ranar ya fara faɗuwa. Sai a rubuta cewa na'urar ba ta da fankishin, laburare ya koma hanyar ko-ta-kwana mai jan ƙafa, kuma babu layi ɗaya na kuskure da zai fito.

Maganin da na yi shi ne in sa matakin saiti, inda CMake ke binciken na'ura kafin gini, ya rubuta duk hukuncin da ya yanke cikin fayil guda na rubutu zalla, layi ɗaya ga kowane hukunci: sunan kwamfaila, BLAS da aka samu, girman lambarta, ko MPI na kunne, sakamakon kowane bincike. Ga kowace na'urar gwaji akwai kwafin da ake sa ran gani, a ajiye tare da kod. In na yanzu ya saɓa da na ajiye ko da layi ɗaya ne, gwaji ya faɗi, kuma sai mutum ya duba dalili kafin ya sabunta kwafin. Dalilin yana cikin CMakeConfigureLog.yaml tun daga CMake 3.26, kafin nan kuma a CMakeError.log ake samunsa. Na cire cikakkun hanyoyin folda daga fayil ɗin, don suna canjawa daga na'ura zuwa na'ura, kuma gwajin da ke faɗuwa ba gaira ba dalili, mutane kan daina kallonsa.

A ɓangaren kod kuma, na bar #cmakedefine na koma #cmakedefine01, wanda ke ba kowane zaɓi 0 ko 1 maimakon ya bar shi ba a ayyana ba, na mayar da kowane #ifdef ya zama #if, na kunna tutar -Wundef mai gargaɗi kan sunan da ba a ayyana ba. Da #ifdef, harafi ɗaya ya kuskure a sunan, ko a manta da fayil ɗin saiti gaba ɗaya, sai sashen ya mutu shiru. Da sabuwar hanyar kwamfaila zai yi magana.

Inda na fi daɗewa shi ne BLAS da LAPACK. Ana gina su iri biyu: wanda cikakkun lambobinsa bit 32 ne, ana ce masa LP64, da mai bit 64, wato ILP64. Lambar bit 32 ba ta wuce 2,147,483,647, don haka matiris mai layi 46,341 da ginshiƙi 46,341 ya riga ya fi ƙarfinta, shi ya sa masu manyan lissafi ke neman na biyun. A MKL, laburaren Intel mai ɗauke da BLAS da LAPACK, laburaren mkl_intel_lp64 da mkl_intel_ilp64 duk suna da fankishin ninka matiris dgemm_ da suna iri ɗaya, saboda haka linka, mai haɗa shiri da laburare, ba zai ga wani aibu ba ko wanne aka ba shi. Kuma Fortran adireshi yake miƙawa, ba lambar kanta ba. In ka ba ILP64 adireshin lamba mai bayit 4, zai karanta bayit 8. In an yi sa'a bayit huɗun da ke biye sifili ne, amsa ta fito daidai, gwajinka ya wuce. Wata rana a wata na'ura ba sifili ba ne, sai girman matiris ya zama biliyoyi, shiri ya faɗi, ko kuma ya taɓa wurin da ba nasa ba a ƙwaƙwalwa.

Tun CMake 3.22 akwai BLA_SIZEOF_INTEGER da ake faɗa wa FindBLAS girman da ake so, kuma ina sa shi tare da BLA_VENDOR. Amma abin da aka nema daban, abin da aka haɗa daban, musamman in mai gini ya miƙa hanyar laburare da hannunsa. Don haka nake tambayar laburaren da kansa. LAPACK na da ɗan fankishin mai suna ilaver, wanda ke rubuta sigarsa cikin cikakkun lambobi uku. Sai in tanadi lambobi uku masu bit 64, in cika kowace da -1, wato duk bit ɗinta ɗaya ne, in kira ilaver. In ILP64 ne, zai rufe bayit 8 duka, lambar farko ta dawo 3. In LP64 ne, bayit 4 kaɗai zai taɓa, sauran su tsaya yadda na bar su, lambar ta fito wata iri. Layi kaɗan ne, amma yana ba da tabbacin da binciken haɗawa kaɗai ba ya bayarwa. A shirin kuma ina kiran sdot, mai ninka lambobi bibbiyu ya tara, a kan 1, 2, 3 da 4, 5, 6 in ga ko 32 ya dawo, domin laburaren da ke bin tsohuwar ƙa'idar f2c mai fassara Fortran zuwa C, kamar tsohuwar hanyar Accelerate ta Apple, suna dawo da sakamakon sdot a matsayin lamba mai ninkin daidaito, wanda ya karɓa a ɗayan girman kuwa shara zai samu. In ana gini a wata na'ura domin wata daban, try_run, umarnin CMake da ke gudanar da wannan ɗan shirin, ba zai iya gudanar da komai ba. A nan ba na yin hasashe, saiti yana tsayawa ya ce wa mai gini ya faɗi girman da bakinsa.

MPI da HDF5 suna da irin wannan tarko. MPICH da Open MPI nau'ukan MPI ne biyu: a MPICH, MPI_Comm cikakkiyar lamba ce, a Open MPI kuma adireshi ne, don haka HDF5 da aka gina da ɗaya ba ta tafiya da ɗayan. Gwajin ƙarami ne: aiki biyu su rubuta fayil ɗaya tare, sannan a karanta a kwatanta.

Duk wani abin dogaro na ganin dama na ba shi matsayi uku: ON, OFF da AUTO. In mutum ya ce ON kuma ba a samu ba, saiti ya tsaya nan take, babu komawa wata hanya a ɓoye. AUTO na mai gini a kwamfutarsa ne. A gwajin atomatik wuri ɗaya kawai nake barinsa, don a ga shi ma yana aiki. Domin kwaikwayon na'urar da ba ta da HDF5 ba sai an cire ta ba, CMAKE_DISABLE_FIND_PACKAGE_HDF5 ya wadatar. Saitin da ya kamata ya faɗi ma ina gwada shi, amma ba da WILL_FAIL ba, don wannan yana amincewa da kowace irin faɗuwa, har da wadda kuskuren rubutu ya jawo. Da PASS_REGULAR_EXPRESSION nake neman ainihin saƙon da na rubuta.

Sai CMakeCache.txt. Sakamakon kowane bincike yana zama a ciki, ba a sake yin binciken. Foldar ginin mai haɓaka manhaja kan yi watanni, tana ɗauke da amsoshin da kod ɗin yanzu ba zai iya samo su ba. Shi ya sa kowane gwaji daga folda fanko yake farawa, ko da tutar --fresh da ta zo a 3.24. Amma folda fanko kaɗai ma tana ɓoye wani abu, saboda haka nake gudanar da cmake sau biyu a jere in kwatanta fayil ɗin hukunci. Layin da ke ƙara tuta a kan CMAKE_CXX_FLAGS ya ajiye da FORCE zai ninka tutar a kowane zagaye, kuma a nan yake tonuwa. Zagaye na uku na kashe zaɓin da yake kunne ne a folda guda, a tabbatar ya mutu da gaske.

Game da tutoci ra'ayina mai tsauri ne. Ba na yarda -ffast-math ko -Ofast su shiga wannan laburare, domin suna ba kwamfaila izinin ɗauka cewa babu NaN, alamar sakamakon da ba lamba ba, har ya iya share binciken isnan, kuma suna ba shi damar sake jera tarawa, wanda ke goge gyaran da tarawar Kahan, dabarar maido da ɗan abin da ke zubewa a kowace tarawa, ke yi. Mai gini na iya shigo da su ta CXXFLAGS ba tare da na sani ba, don haka akwai #error da ke tashi in an ayyana __FAST_MATH__, akwai kuma gwajin da ke fara da 1.0 ya tara 1e-16 sau miliyan. Tarawa ta kai-tsaye tana tsayawa a 1.0, ta Kahan tana ƙara 1e-10, in an goge gyaran kuwa amsar ba ta kai wa nan. Tutar -march=native ma, mai gina shiri daidai da na'urar da ake ginin a kai, ba ta kunne sai an nema. A manyan kwamfutocin gungu ana gini ne a na'urar shiga, a gudanar a wasu, kuma in ta shigar ta fi su sabunta, shiri zai mutu da saƙon Illegal instruction. Tutocin gargaɗi duk PRIVATE ne, wato a gininmu kaɗai suke aiki. In -Werror, mai mayar da gargaɗi kuskure, ta zama PUBLIC, sai ta bi laburare ta shiga aikin wanda ya ɗauke shi, ta karya masa gini a kan gargaɗin da ba ruwanmu da shi.

Zaɓi goma na kunnawa da kashewa haɗi 1,024 ne, ba mai gina su duka. Amma a abin da na gani, yawancin karyewa daga haɗuwar zaɓi biyu take fitowa, kuma gini 6 kacal sun isa kowane zaɓi biyu cikin goman su haɗu a duk yanayinsu huɗu. In wasu zaɓuɓɓukan ba sa tafiya tare, adadin kan ɗan ƙaru. A kai nake ƙara duka a kashe, duka a kunne, da gini biyu na sigar CMake: mafi tsufa da muka yi alkawari, da mafi sabunta. Namu mafi tsufa 3.22 ne, wanda ke zuwa da Ubuntu 22.04. Lambar da ke cikin cmake_minimum_required ba ta hana ka amfani da umarnin da ya zo bayanta, sai an gudanar da tsohuwar sigar da gaske ake ganewa. Ta ɗaya gefen kuma, CMake 4.0 na 2025 ya daina karɓar aikin da ya ce mafi ƙarancinsa ƙasa da 3.5 ne, kuma wannan kan shigo ta wani ƙaramin laburare da aka kwafo cikin aiki aka manta da shi. Tutar -fallow-argument-mismatch, da tsohon Fortran ke bukata tun gfortran 10, sai check_fortran_compiler_flag ya tabbatar kwamfaila ya san ta nake ƙara ta, don waɗanda suka girme shi ƙin ta suke yi.

Gwajin da ya fi kama kurakurai shi ne na bayan girkawa, domin duk sauran a cikin foldar gini suke gudana, inda komai ke kusa. Ina girka laburare a foldar wucin gadi, in share foldar ginin ƙaf, in matsar da abin da aka girka zuwa wata hanya daban, sannan in gina wani ɗan aiki na dabam wanda ba abin da yake yi sai find_package, ya haɗa, ya warware matiris 3 sau 3, ya duba amsa. Sharewar ke tona fayil ɗin kai da aka manta ba a girka ba. Matsarwar ke tona cikakkiyar hanyar da ta maƙale a fayil ɗin Config da find_package ke karantawa, da RPATH, hanyar da shiri ke neman laburare, da ba a gina kan $ORIGIN, wato wurin da shirin yake, ba. Ana yin sa sau biyu, da laburaren rabawa, wanda ake lodawa lokacin gudana, da kuma tsayayye, wanda ake cusawa cikin shirin. Tsayayyen ya fi wuya, domin ko abin dogaron da aka sa PRIVATE sai mai amfani ya haɗa shi a ƙarshe, don haka dole fayil ɗin Config ya nemo shi da find_dependency. Ɗan aikin kuma da gangan C++ zalla ne, bai kunna Fortran ba. A nan ake ganin ko libgfortran ta biyo laburare, ko kuwa a ginina ne kawai take samuwa saboda Fortran na kunne. Wurin girkawa na bar wa GNUInstallDirs, don wasu tsarin Linux lib64 suke so ba lib ba.

Ƙananan fankishin da muka rubuta da harshen CMake kansa ina gwada su da cmake -P, cikin ƙasa da daƙiƙa, ba tare da kwamfaila ba. Kwatanta siga shi ne misalin da ba ya tsufa: da LESS, 1.10 na HDF5 ana karanta shi 1.1, ya zama ƙasa da 1.8, alhali ya fi shi sabunta. VERSION_LESS ne daidai. Kowane fankishin da ke amfani da cmake_parse_arguments na sa ya tsaya in ya ga kalmar da bai gane ba, maimakon ya haɗiye ta.

Gwajin cmake -P, gini shidan da na bayan girkawa suna gudana a kan kowane canji. Sau ɗaya a mako kuma komai na sake gudana da sababbin kwamfaila da sabon CMake ko ba wanda ya taɓa kod, domin wannan ɓangaren daga waje yake karyewa. Fayil ɗin hukuncin ma na cusa shi cikin laburaren, akwai fankishin da ke buga shi. Duk wanda ya kawo rahoton cewa amsarsa ta bambanta da ta abokin aikinsa, abin da nake fara nema daga su biyun ke nan, in jera fayilolin gefe da gefe in fara da layin BLAS.