Tambayar turke

Aikin bai wuce katun na minti biyu ba, wanda aka ba mu don jan hankalin makiyaya su kai dabbobinsu rigakafi. Mu uku ne a ɗan shagonmu a Sakkwato, ni kuma aka bar wa raƙumi. Na gina shi a Blender, manhajar da muke haɗa katun da ita, na zuba masa ƙasusuwa, ya yi tafiya, ya gurfana. Saura abu ɗaya: carki ya sauko kan tozonsa ya zauna daram, duk yadda raƙumin ya motsa. Na ce wa abokan aikina kafin la'asar an gama. Kwana uku na yi a kai, cikin zafin watan Afrilu, kwamfutata tana huci.

Da yake na ɗan taɓa Python, yaren rubuta wa kwamfuta umarni, sai na rubuta 'yan layuka: a kowane firam, wato kowane hoto ɗaya cikin jerin hotunan katun, a tambayi raƙumi inda yake, a ajiye tsuntsu a wurin. Na kunna. Raƙumi ya taho yana rangaji, ya wuce, ya gurfana, carki kuwa yana tsakiyar fili ko gezau. Na duba lambobin da manhajar ke ba ni, daga firam na 1 har na 240 sifili uku ne a jere. Ga dabba ina gani da idona ta yi nisa, ga kwamfuta ta dage ba ta je ko'ina ba. Har na fara zargin manhajar, na sauke ta na sake ɗorawa, na ƙona data a banza.

A rana ta biyu maigidan shagon ya tsaya a bayana, kofin shayi a hannu. Ya girme mu duka, kuma da Maya, wata manhaja irin Blender, ya fara wannan sana'a. Ya ce, “Ƙanena, mi kaka nema?” Na ce, “Yaya, raƙumin nan ne ya ƙi faɗin inda yake.” Ya sa yatsa a kan wani ɗan ɗigo mai ruwan lemo da ke tsakiyar fili, daidai ƙafar carkin, ya ce, “Wanga turke na. Turke kaka tambaya, ba dabba ba.”

Nan take abin ya faɗo mini. Kowane abu a manhajar yana da cibiyar da aka kafa shi a kai, kuma ita ake ba ka idan ka nemi matsayinsa. Ƙasusuwa ba sa taɓa wannan cibiya. Fatar suke ja, wato ragar ɗigo-ɗigon da ta yi siffar jiki. Ni kuwa da ƙashi na tafiyar da raƙumina, don haka jiki ya yi ta yawo, turke yana nan inda aka kafa shi. Ya ce a Maya ma haka abin yake, bayanan matsayi daban, bayanan siffa daban.

Sai na koma tambayar ɗigo ɗaya na kan tozo, nan ma na sha ƙasa. Ragar da Blender ke ajiyewa ita ce ta asali, raƙumi a tsaye ƙiƙam kamar ranar da na gina shi. Lanƙwasar da ake gani a allo lissafi ne da ake yi a kan kwafi, ana sabunta shi a kowane firam. Wannan kwafin ake nema, kuma tun daga Blender 2.80 da ya fito a 2019 da umarnin evaluated_get ake kiransa. Ko an same shi, lambobin ɗigon daga turke suke ƙirgawa, sai an ninka su da matrix_world, wato lambobin da ke nuna yadda turken kansa yake zaune a fili, kafin su zama matsayi a cikin fili baki ɗaya. Wani abin haushi, tsofaffin darussan da na bi da alamar * suke wannan ninki, alhali an mayar da ita @ tun a 2.80 ɗin. Rabin yini ya tafi a kan alama ɗaya.

Da carki ya hau tozo na yi kabbara har maƙwabcinmu tela ya leƙo. Maigida ya bari na gama murna, sannan ya nuna mini cewa ko layi ɗaya ban buƙaci rubutawa ba. A zaɓi ɗigo uku a kan tozo, a danna Ctrl da P, a ɗaure tsuntsun a jikinsu. Ɗigo ɗaya matsayi kawai yake bayarwa, uku kuwa har da karkata, shi ya sa carkinsa ke sunkuyawa tare da tozo, nawa yana tsaye kamar an haɗiye taɓarya. Na ji kunya, amma ban yi da-na-sanin kwana ukun ba, don da hanyar sauƙin aka fara nuna mini da har yau ban san da turke ba.

Muka nuna aikin ga wani dattijo da ya yi shekaru yana harkar raƙuma a Kasuwar Kara. Ko kallon tsuntsun bai yi ba. Ya ce, “Yaro, raƙumi da ƙafafun gaba yaka fara gurfana.” Nawa da na baya ya fara. Daren nan na sake motsin ƙasusuwan gaba ɗaya, carki kuwa bai bar tozo ba ko sau ɗaya.